Ɓari a Suleja: A Jira Jiki Ya Fitar, Ko A Yi Wankin Ciki?

Tun kafin gari ya gama wayewa Suleja take juye jama'arta a kan titi. Daga Kwamba, Maje, Gauraka da Madalla, motocin haya suna kwasar ma'aikata da 'yan kasuwa da leburori, su bi ta gindin Dutsen Zuma su nufi Zuba, daga nan sai Abuja. Da yawa daga cikin magidantan nan ba za su sake taka ƙofar gida ba sai bayan isha'i. A cikin waɗannan sa'o'i, lokacin da gidajen haya suka koma hannun mata da yara, mai ƙaramin ciki takan ga abin da take tsoro: ɗigon jini a zane, sai mara ta fara murɗawa.

Kafin ta kai ga likita, shawara ta riga ta yi mata yawa. Uwar miji ta bugo waya daga gida tana cewa, "Ki kwanta ki huta, zai fita da kansa. Mu da muka haifi goma wa ya taɓa wanke mu?" Maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Maman yara, ki tashi a je a wanke ki, ragowar ɓari in ta zauna ruɓewa take yi." Wata kuma ta ja ta gefe ta raɗa mata cewa kada ta kuskura, wankin ciki yana hana haihuwa. Dukkansu don ƙauna suke faɗa, kuma kowacce ta riƙe wani yanki na gaskiya.

Abin da ilimin likitanci ya tabbatar shi ne, ga macen da ta yi ɓari a watanni ukun farko kuma jikinta bai shiga haɗari ba, hanyoyi uku ne a buɗe: ta jira jiki ya fitar da kansa, ko a ba ta ƙwayar da za ta sa mahaifa ta fitar, ko a yi mata wankin ciki. Duk ukun hanyoyi ne na asibiti, duk ukun suna da inganci. Amma wadda ta dace da mace a Suleja ta dogara ne da abubuwan da ba a cika tambayarta ba: nawa ne jinin jikinta, ina take kwana, wa ke kusa da ita da dare, kuma minti nawa ne tsakaninta da asibitin da zai iya ƙara mata jini.

Ya fi yawa fiye da yadda ake faɗa

A al'adarmu ƙaramin ciki sirri ne, musamman cikin fari, don haka idan ya zube shi ma baƙin cikin sai ya zama sirri. Wannan ya sa kowace mace take ganin kamar ita kaɗai abin ya faɗa wa. A shekarar 2021 mujallar likitoci ta The Lancet ta tattara alƙaluman duniya, ta nuna cewa kimanin kashi 15 cikin 100 na cikin da aka san da shi yana ƙarewa da ɓari, wato kusan ɓari miliyan 23 a kowace shekara. Kusan takwas cikin goma na faruwa ne a makonni 12 na farko.

Kusan rabin ɓarin farko-farko yana zuwa ne daga tangarɗar da aka samu a tsarin ƙwayoyin halittar ɗan tayi tun lokacin da ƙwan mace da maniyyi suka haɗu. Irin wannan ɗan tayin ba zai iya ci gaba da girma ba, ko da uwar ta kwana wata uku a gado. Shekaru ma suna da tasiri: haɗarin yana hawa daga shekara 35, ya yi tsanani bayan 40. Sai cututtukan da ake iya magancewa, irin su zazzaɓin cizon sauro, tunjere, ciwon suga da ba a kula da shi ba, da matsalar maƙoƙo.

Daka, wanki, ɗibar ruwa, hawa keke mai ƙafa uku a hanya mai gargada, kwanciyar aure: babu wata hujjar likitanci da ta nuna cewa waɗannan suna zubar da lafiyayyen ciki. Ya kamata a faɗi wannan da babbar murya, domin mata da yawa suna shafe shekaru suna tuhumar kansu kan bokitin ruwan da suka ɗauka, wasu gidajen kuma zumunci ya lalace saboda an ɗora wa kishiya ko maƙwabciya zargin sammu.

Hoto kafin komai

Babu zaɓin da ya inganta kafin a san abin da ke cikin mahaifa, kuma hoton ciki, wanda aka fi sani da sikanin, shi ke nuna wannan. Ba kowane jini ne ɓari ba. Mata da yawa suna ganin jini a farkon ciki, a duba a tarar zuciyar ɗan tayi tana bugawa, cikin ya ci gaba har a haife shi lafiya. Ga wadda take zubar da jini kuma ta taɓa yin ɓari a baya, wani babban bincike da aka yi a Birtaniya aka wallafa a 2019 ya nuna cewa sinadarin progesterone yana iya taimakawa wajen riƙe cikin, amma likita ne zai rubuta shi bayan hoto ya nuna cikin yana mahaifa.

Idan ɓarin ya tabbata, hoton zai nuna iri. Akwai wanda ya fita gaba ɗaya, mahaifa ta koma wayam. Wannan ba ya buƙatar ƙwaya, ba ya buƙatar wanki. Akwai wanda ya fara fita ya bar ragowa. Akwai kuma wanda ɗan tayin ya daina girma amma jiki bai farga ba, babu jini, babu ciwo, wani lokaci har laulayi bai daina ba.

A wannan nau'i na uku ake buƙatar haƙuri daga ɓangaren ma'aikata. Ƙa'idar da likitocin mata suke bi ita ce, ba a yanke hukuncin cewa ɗan tayi ya mutu sai tsawonsa ya kai milimita 7 ba a ga bugun zuciya ba, ko jakar cikin ta kai milimita 25 babu kowa a ciki. Idan bai kai haka ba, ko akwai kokwanto, a sake hoton bayan aƙalla kwana bakwai. Mata da yawa ba sa riƙe ranar hailarsu ta ƙarshe daidai, musamman masu shayarwa, sai a ɗauka cikin wata biyu ne alhali bai wuce mako biyar ba. Duk macen da aka ce mata cikinta ya lalace, ba ta zubar da jini mai yawa, ba ta zazzaɓi, tana da haƙƙin ta nemi a sake dubawa kafin a taɓa ta.

A nan ne kuma ake jin kalmar da ta daɗe a bakin iyayenmu, cewa "ciki ya kwanta", zai tashi in lokacinsa ya yi. Wannan fahimta tana da gurbi a fiƙihun Malikiyya, inda malamai suka kai iyakar zaman ciki shekara huɗu ko biyar, kuma tana cikin hujjojin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Katsina ta duba lokacin da ta wanke wata mata mai suna Amina Lawal daga tuhumar da aka yi mata a watan Satumba na 2003. A kotu, hukuncin ya zama garkuwa ga mutuncin mace da nasabar ɗa. A ɗakin awo kuwa, ɗan tayin da hoto biyu suka tabbatar zuciyarsa ta tsaya ba zai sake bugawa ba, kuma barinsa watanni ba tare da kulawa ba yana iya jawo ƙwayoyin cuta ko matsalar daskarewar jini.

Hoton yana kuma tsare mace daga abin da ya fi ɓari haɗari, wato cikin da ya zauna a wajen mahaifa, galibi a bututun da ƙwai ke bi. Yana faruwa a ɗaya zuwa biyu cikin kowane ciki 100, alamominsa na farko kuma sak na ɓari ne. Idan bututun ya fashe, jinin a cikin ciki yake zuba, ba a ganinsa a zane. Macen da aka ce ta zauna gida ta jira alhali irin wannan cikin gare ta, an jefa rayuwarta cikin haɗari.

Hanya ta farko: jira

Jiran da likitoci suke nufi jira ne mai wa'adi da sharuɗɗa. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Birtaniya ta ba da kwana 7 zuwa 14 a matakin farko, sannan a sake dubawa. Ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta ce idan aka ba jiki har mako takwas, kusan takwas cikin goma suna fitarwa da kansu. Nasarar ta dogara da nau'in ɓarin. Wani bincike da aka yi a Landan aka wallafa a 2002 ya nuna cewa cikin mako biyu, fiye da takwas cikin goma na masu ragowar ɓari sun gama fitarwa, amma a cikin waɗanda ɗan tayi ya tsaya jini bai fara ba, adadin ya haura rabi da kaɗan ne kawai.

Ya kamata mace ta san abin da za ta gani, domin rashin sani shi ke ninka tsoro. Jinin yakan fara kaɗan-kaɗan, kwana ɗaya ko biyu, sannan ciwon mara ya taso yana zuwa yana lafawa kamar ƙaramar naƙuda. Na 'yan sa'o'i jinin zai fi na haila yawa nesa ba kusa ba, da gudaji, wasu manya. Idan cikin ya kai wata biyu tana iya ganin wata 'yar jaka mai ruwan toka a cikin gudajin. Da zarar wannan ta fita ciwon yakan sauka, jinin ya ragu, ya ci gaba da ɗiga har mako ɗaya ko biyu. Ana shan maganin rage zafi irin farasitamol ko ibuprofen. Ana amfani da audugar mata, a riƙa ƙirga nawa aka canja, ba a cusa tsumma ko ganye ko wani haɗi a gaba. Bayan mako uku a yi gwajin fitsari na ciki. Idan har yanzu yana nuna akwai ciki, a koma asibiti.

Alfanun wannan hanya a fili yake. Babu ƙarfe, babu allura, kuɗin kaɗan ne, mace tana ɗakinta. Wasu matan suna samun natsuwa idan jikinsu ne ya kammala abin da kansa. Nauyinta kuma shi ne ba a san ranar ba, ba a san sa'ar ba. Yana iya zuwa da azahar maigida yana Abuja, yana iya zuwa ƙarfe biyun dare a gidan haya mai banɗaki ɗaya da ɗaki takwas ke rabawa.

Hanya ta biyu: ƙwaya

Misoprostol ƙwaya ce da ke tausasa bakin mahaifa ta sa mahaifa ta matse ta fitar da abin da ke ciki. Ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan: a shekarar 2006 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta yi mata rajista don tsayar da zubar jini bayan haihuwa. Ba ta buƙatar firji, kuma tana da araha. Abin da mace za ta gani daidai yake da na mai jira, sai dai yakan zo cikin sa'o'i ko kwana ɗaya zuwa biyu, wani lokaci da rawar sanyi, tashin zuciya ko gudawa na ɗan lokaci.

An gwada ta a yankinmu. Wani bincike da aka wallafa a 2012, wanda aka yi a asibitocin Nijeriya, Nijar, Burkina Faso, Senegal da Muritaniya, ya nuna cewa fiye da tara cikin goma na masu ragowar ɓari da aka ba ƙwayar sun warke ba tare da wanki ba. Ga cikin da ya tsaya bai fara fita ba, nasarar ta ɗan yi ƙasa, amma tana ƙaruwa idan aka fara ba da wata ƙwayar mai suna mifepristone. A binciken da aka yi wa mata 711 a Birtaniya aka wallafa a 2020, kashi 24 cikin 100 na waɗanda aka ba misoprostol kaɗai ba su fitar ba cikin mako guda, amma a cikin waɗanda aka haɗa wa biyun, kashi 17 ne.

Matsala biyu ke tattare da ƙwayar a wajenmu. Ta farko kunya ce. Saboda ana amfani da irin waɗannan ƙwayoyi wajen zubar da ciki da gangan, wanda kundin hukunta laifuffuka na Arewa ya haramta sai don ceton ran uwa, wasu matan suna jin tsoron a gan su da ita, wasu ma'aikatan kuma suna yi wa mai zubar da jini kallon tuhuma. Magance ɓarin da ya riga ya faru ba laifi ba ne a doka, kuma duk macen da ta zo asibiti tana zubar da jini magani ne haƙƙinta kafin kowace tambaya. Ta biyu ita ce saye a kyamis ba tare da hoto ba. Ƙwayar ba ta yin komai ga cikin da ke wajen mahaifa, adadin da ake bayarwa ya bambanta da girman ciki, kuma idan lissafin watanni ya kuskure, musamman ga wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa, tana iya yin mummunar illa. Wurinta hannun ma'aikacin da aka horar, tare da ranar dawowa.

Hanya ta uku: wankin ciki

Tsoron da mata suke yi wa wankin ciki yana da asali. Tsohuwar hanyar, wadda ake kira D&C, ita ce a buɗe bakin mahaifa a kankare bangonta da ƙarfe mai baki kamar cokali, galibi bayan allurar barci. Idan aka tsananta kankarar, ko aka maimaita ta sau da yawa, ko aka yi ta a kan mahaifar da ta kamu da ƙwayoyin cuta, bangon yana iya mannewa da juna. Haila ta ragu ko ta ɗauke, ciki ya yi wuyar samuwa. Wani likita mai suna Joseph Asherman ya yi bayanin wannan larura a 1948, har yau da sunansa ake kiranta. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina kankara da ƙarfe a koma zuƙowa.

Na'urar zuƙowar, wadda ma'aikata ke kira MVA, babbar sirinji ce ta roba mai cin mililita 60, da siririn bututu mai laushi a bakinta. Ba ta aiki da lantarki, don haka ɗauke wuta ba ya tsayar da aikin. Mace za ta kwanta a gadon ɗakin haihuwa, a wanke gaban da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a yi mata allurar kashe zafi a gefen bakin mahaifa. Sai a zura bututun a hankali, a saki maƙullin sirinjin, iskar da aka riga aka janye ta zuƙo ragowar. Ma'aikaciyar tana juya bututun tana jin yadda bangon mahaifa yake a hannunta. Idan ta ji ya yi kaushi, mahaifa ta kama bututun, kumfa mai ja-ja ta fara fitowa, ta san an gama. Za ta juye abin da aka zuƙo a ƙaramin kwano ta duba shi da ido. Ciwon mara mai ƙarfi yakan zo a mintunan ƙarshe, sannan ya lafa. Duka aikin minti goma ne zuwa goma sha biyar, bayan hutun sa'a ɗaya ko biyu mace ta tafi gida da ƙafarta. Nasararsa ta haura kashi 95 cikin 100, kuma ba sai likita ba, nas ko ungozomar asibiti da aka horar tana yin sa.

Yana da nasa haɗarin: rauni a bakin mahaifa, huda bangonta, ko shigar ƙwayoyin cuta. A hannun ƙwararre da tsaftatattun kayan aiki, waɗannan ba kasafai suke faruwa ba. Inda ake samun ɓarna shi ne ɗakunan bayan shago da wuraren da ba su da rajista. Kuma babu dalilin da zai sa a yi wa mace wannan aiki ba tare da maganin kashe zafi ba. Ta tambaya tun kafin ta hau gado.

Batun haihuwa a gaba fa? An yi wani bincike a asibitoci bakwai na Ingila, aka raba mata 1,200 gida uku bisa waɗannan hanyoyi, aka wallafa sakamakon a mujallar BMJ a 2006. Kamuwa da ƙwayoyin cuta ya tsaya a kashi 2 zuwa 3 cikin 100 a kowane rukuni, wanda ya rushe zaton cewa jira na mako biyu yana ruɓar da mahaifa. Da aka sake bibiyar matan, kusan takwas cikin goma a kowane rukuni sun haihu cikin shekara biyar, wanda ya rushe zaton cewa wanki ɗaya mai kyau yana hana haihuwa.

Ma'aunin Suleja

A cikin wannan binciken na Ingila akwai wani adadi da ya fi kowanne shafarmu. Kusan rabin matan da aka sa a rukunin jira sun koma an kwantar da su a asibiti ba shiri, alhali a rukunin wanki ƙasa da ɗaya cikin goma ne. A Ingila wannan na nufin kiran motar asibiti. A Suleja yana nufin neman mai keke ko ɗan acaɓa da tsakar dare, ko faɗawa cunkoson Madalla da yamma, sannan yankar kati, sannan neman wanda zai ba da jini.

Abu na farko da za a auna shi ne jinin matar. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Zubar da mai cikakken jini za ta jure ta tashi, tana iya kayar da wadda zazzaɓin cizon sauro da haihuwa kusa-kusa suka riga suka tsotse. Gwajin yawan jini ba shi da tsada, kuma bai kamata a sallami mace ta je ta jira ba tare da shi ba. Mai sikila, mai ƙarancin jini sosai, da mai matsalar daskarewar jini, wanki a asibiti ya fi musu aminci.

Na biyu nisa ne. Wadda take cikin gari, kusa da Babban Asibitin Suleja, ko take da hanyar isa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada cikin sauƙi, lissafinta daban ne da na wadda ta zo awo daga wani ƙauye a bayan Lambata ko Sabon Wuse, inda damina ke yanke hanya. Ga ta biyun, gama komai a rana ɗaya kafin ta koma gida sau da yawa shi ne hikima.

Na uku, wa ke tare da ita. Suleja gari ne na baƙi. Dubban ma'aurata sun zo ne saboda aikin Abuja, iyaye da 'yan uwa suna Kano, Bida, Kaduna ko kudu. Mai jira da mai shan ƙwaya suna buƙatar babban mutum a kusa dare da rana, waya mai caji, lambar direban da zai ɗauka ko ƙarfe nawa ne, da kuɗin da aka ware.

Na huɗu kuɗi ne. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyata yake fita, don haka iyalai da yawa suna zaɓar jira saboda shi ne ba a biya. Amma jiran da ya ƙare da ledar jini biyu da kwana uku a gado ya fi wanki tsada. Ta ɗaya gefen kuma, bai halatta a karɓi kuɗin wanki a hannun macen da hoto ya nuna mahaifarta ta riga ta koma wayam ba.

Na biyar zuciyarta ce. Wata ba za ta iya kwana da sanin cewa tana ɗauke da ɗan tayin da ya rasu ba, tana so a gama yau. Wata kuma gadon asibiti da ƙarafa ne abin da ba za ta iya jurewa ba. Duk biyun dalilai ne masu nauyi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wadda ta fara da jira tana da damar ta canja ra'ayi ko da a kwana na uku ne.

Lokacin da zaɓi ya ƙare

Akwai alamomin da idan aka gan su, shawara ta ƙare, sai asibiti nan take. Jinin da ke jiƙa audugar mata biyu manya a sa'a guda, sa'a biyu a jere. Jiri, suma, bugun zuciya da sauri, ko tafin hannu da cikin ido su yi fari fat. Zazzaɓi, rawar sanyi, ko ruwa mai wari daga gaba. Ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ko ciwon da ke harbawa zuwa kafaɗa. A irin wannan hali ba a jiran maigida ya dawo daga Abuja, ba a tsayawa a kyamis don ƙarin ruwa. Magidanci ya ba da izinin fita tun kafin buƙatar ta taso, ya kuma gaya wa maƙwabta. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ƙin karɓar majinyacin da ke cikin halin gaggawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kusan 75,000 ne suka rasu a Nijeriya a 2023 sanadiyyar ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Zubar jini da ƙwayoyin cuta suna sahun gaba a musabbabai, kuma su biyun ne hanyoyin da ɓarin da aka yi sakaci da shi yake kisa.

Bayan jini ya tsaya

Kowace hanya aka bi, a duba rukunin jinin matar. Idan tana cikin 'yan tsirarun da jininsu ke da alamar negetif, likita zai duba ko tana buƙatar allurar Anti-D, wadda ake yi cikin sa'a 72 don kare cikin gaba. A ba ta maganin ƙarin jini da abinci mai gina jiki. A dakata da kwanciyar aure har jini ya ɗauke. Ƙwai yana iya sauka cikin mako biyu kacal, don haka wadda take son hutu ta nemi hanyar tazara kafin ta bar asibiti. Wadda take son sake gwadawa kuma, binciken baya-bayan nan bai nuna wata illa ba idan ciki ya shiga cikin watanni shida na farko, muddin jininta ya dawo kuma ta shirya. Idan ɓari ya maimaitu sau biyu ko uku a jere, lokacin bincike mai zurfi ya yi, ita da mijin duka. Hukuncin sallah, azumi da idda bayan ɓari yana da tafsili a wajen malamai gwargwadon abin da ya fita, don haka ta tambayi malamin da ta amince da shi maimakon ta zauna cikin waswasi.

Sai ciwon da ba a gani a hoto. Wani bincike da aka yi a asibitocin Landan aka wallafa a 2020 ya gano cewa wata guda bayan rasa ƙaramin ciki, kusan uku cikin goma na matan suna da alamomin firgici mai tsanani, bayan wata tara kuma kusan biyu cikin goma ba su fita daga ciki ba. A wajenmu ba a zaman makoki don ɓari, sau da yawa washegari mace take komawa murhu. "Allah ya mayar da alheri" da "Allah ya kawo rayayye" addu'o'i ne masu sanyaya zuciya. "Ai jini ne kawai" da "me kika yi ya zube?" suna barin tabo. Limami da fasto, uwar miji da maigida, kowa yana da rawar da zai taka a nan, kuma ta maigida ta fi ta kowa: ya raka ta asibiti, ya ji bayanin da kunnensa, ya tare mata surutun dangi.

Abin da ya rage a wuyan hukumomin lafiya na Jihar Neja da ma'aikatansu ba mai tsada ba ne. Asibitocin sha-ka-tafi na unguwanni da ƙauyukan masarautar Suleja su kasance da misoprostol mai inganci, da sirinjin MVA, da ungozomar da ta iya aiki da su, da tabbatacciyar hanyar tura mai zubar da jini zuwa babban asibiti. Ma'aikaci kuma ya ware minti biyar ya zaunar da mace, da harshen da take ji, Hausa ne ko Gbagyi ko Nufanci, ya gaya mata irin ɓarin da ta yi, hanyoyi nawa ne a gabanta, da alamar da za ta sa ta dawo da gudu. Ita kuma kada ta bar ɗakin sai ta ji amsar waɗannan ukun, sannan ta faɗi wadda ta zaɓa.